Mai Hoton Bijimi

Muryar Muntaka ta riga Aina'u isa injin niƙa.

Tun daga bakin lungu ta jiyo ta tana fitowa daga wata waya da aka ƙure wa sauti, sai ta rage tafiya don kada a ga murmushinta. Bel ɗin injin ya tsinke tun hantsi. Matan ƙauyen Gidan Dabo sun jera kwanukansu, sun zauna a inuwar darbejiya, kawunansu a haɗe kan wayar.

"Malam mai hoton bijimi, na ji ƙorafinka," in ji muryar. "Irin gyaɗar nan ba shi da laifi. Na faɗa na maimaita, kada kowa ya shuka shi a ruwan farko, a bari damina ta zauna. In kai ba ka ji ba... to, wataƙila bijimin ne ya yi shukar. A gaishe shi."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce a maimaita.

Aina'u ma ta yi dariya. Har ta ji wani alfahari ya taso mata, don wannan mai bakin shi ne wanda za ta aura. Tana sauke kwanon dawarta dariyar matan ta mutu, kamar an zuba wa garwashi ruwa. Mai wayar ta so ta cusa ta cikin zani, amma hannun Aina'u ya riga ta.

Hoton ɗan ƙarami ne, a gefen wata lamba da ba ta da suna. Farin bijimi, ƙahonsa na hagu ya lanƙwaso ƙasa, a ɗaure a gindin tsamiya.

Tsamiyar bayan gidansu ce.

Bijimin na Babanta ne.

Ta miƙa wa matar wayarta, ta ɗauki kwanonta, ta juya gida da dawar ba niƙa.

Muntaka yana da shagon iri da taki a kasuwar Tsanyawa. Abin da ya raba shi da sauran masu shaguna shi ne guruf ɗin da ya buɗe wa manoma a WhatsApp. Yawancinsu rubutu bai dame su ba, don haka murya suke turawa: wannan ganyen dawarsa ya yi ja, wancan tsutsa ta shiga masararsa, wani kuma yana so ya ji ko taki ya sauko. Muntaka ya amsa wa kowa a gaban kowa. Har ƙauyukan da bai taɓa takawa ba an san shi da cewa ba ya sayar da abin da bai yarda da shi ba, kuma ba ya ɓoye wa mutum kuskurensa.

Manyansa sun riga sun kawo gaisuwa gidan Malam Nababa, mahaifin Aina'u, an karɓa. Saura sa rana.

Sai dai suruki ba a kallon idonsa. Duk zuwan da Muntaka ya yi, daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, Malam Nababa ya kau da kai ya ce "lafiya... madalla" a maƙoshi, kowa ya nemi hanyar tsira. Iyakar abin da ya sani na muryar mutumin ke nan. Lambarsa kuwa, wane marar kunya ne zai ajiye lambar uban budurwarsa? Saboda haka da wata murya ta shigo guruf tana faɗa cikin iskar gona, cewa gyaɗar da aka saya a shagonsa ba ta fito ba, bai ga kowa ba sai bijimi.

Mutanen Gidan Dabo kuwa ko a duhu sun san wannan ƙahon.

Malam Nababa bai ɗaga murya ba a ranar. Ya dawo daga gona, ya ba bijimin harawa, ya yi alwala. Da ya gama cin tuwo ya kira ƙanwarsa Goggo Hure, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ya ce ta haɗa kayan da mutanen Tsanyawa suka kawo, a mayar musu.

Aina'u tana bayan ƙofa. Ta fito ta durƙusa.

"Baba, bai san kai ba ne..."

"Na sani, Uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa ta ci, bai taɓa kiran ta da wani suna ba. "Da ya sani ai da bai faɗa ba. Shi ya sa na ji abin da yake faɗa in bai sani ba."

Ya tashi ya tafi masallaci.

Da Innarta na da rai, da ta bar shi ya huce, ta dama masa fura, ta faɗa masa gaskiya lokacin da bakinsa ke cike ba zai iya musu ba. Wannan gwaninta ce da ba a koyar da ita, kuma ba a san darajarta sai an rufe mai ita da ƙasa. Goggo Hure ba ta da ita. Ita in ta ga wuta ta yi ƙasa, kara take nemowa.

Aina'u ta zaga bayan rumbu ta kira Muntaka a waya.

"Aina, sanyin idona," ya ce da fara'a. "Yanzu nake cewa in na rufe shago..."

"Ka san bijimin wa ka aika wa gaisuwa?"

Ya ce bai gane ba. Ta ce ya buɗe hoton ya duba da kyau, ya duba bishiyar, ya tuna inda yake jingine babur ɗinsa in ya zo zance.



"Innalillahi," ya ce a hankali. "Aina... ki ce mini wasa kike yi."

"An ce a mayar da kaya."

Ta ji numfashinsa ya sauya. Ya shiga rantse-rantse: cewa tun asuba yake amsa saƙonni, cewa wasu sun taru a kansa suna cewa irinsa na jabu ne, cewa bai ma taɓa sayar wa Baba ko ƙwaya ɗaya ba, ta ina gyaɗarsa ta je gonar? Ita ma ba ta sani ba. Ta dai ce masa kada ya yi komai sai ya yi tunani.

Bai yi tunani ba. Kunya ba ta barin mutum ya yi. Kafin magariba ya goge saƙonsa, ya kulle guruf ɗin yadda babu mai iya magana sai shi, shi kuma ya yi gum.

Gogewar ba ta amfana komai ba, don Naziru ya riga ya kwafa.

Naziru shi ne mai rumfar cajin waya a bakin tashar Gidan Dabo. Shi ya buɗe wa Malam Nababa WhatsApp, shi ya ɗauki hoton bijimin, shi ya sa shi a guruf. Ya taɓa aika wa Aina'u turare da katin waya, ta mayar masa da su a leda ɗaya, kuma irin mutanen nan ne da ba sa mantuwa sai abin da aka ba su aro. Duk wanda ya kawo caji sai ya tafi da muryar Muntaka kyauta a wayarsa. Ya haɗa ta da kiɗa. Yara suka riƙa bin bijimin in an fito da shi huɗa suna cewa ana gaishe shi. Da ya ga an kulle guruf, sai ya ƙara da cewa ai ga shi nan, mai irin jabu ya toshe bakin jama'a.

Manyan Muntaka suka zo biko cikin manyan riguna. Malam Nababa ya shimfiɗa musu tabarma a soro, ya sa aka kawo fura, ya tambayi damina da iyali. Da suka kawo maganar, ya ce shi ba shi da rigima da kowa. Shi mai saye ne, ya yi magana da mai shago, mai shago ya ba shi amsa, ciniki ya ƙare. Ya raka su har bakin hanya, ya yi musu addu'ar sauka lafiya.

Kayan dai ba su bar gidan ba. Suna ɗaure a ɗakin Goggo Hure, kullum ana cewa gobe.

Goggo ce ta ƙirƙiro mafita, ta aika wa Muntaka ba da sanin yayanta ba. Ya buɗe guruf, ya ce a gaban kowa irin ne ya lalace, dattijo ya yi gaskiya. In ya wanke Malam a inda ya ɓata shi, ita ta ɗauki nauyin sauran.

Ranar kasuwar Tsanyawa Aina'u ta shiga ƙaramar bas da sunan sayo zare. Ta sami Muntaka zaune kan buhun taki, shagon ba kowa, wayarsa a kife. Ya rame. Wani gefe na zuciyarta ya ji daɗin hakan, ɗaya gefen ya so ya zauna ya yi kuka.

Ya faɗa mata saƙon Goggo. Ya ce ya riga ya shirya abin da zai ce, yau zai tura.

"Irin ya lalace?" ta tambaya.

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Duk wanda ya jira ruwa tasa ta fito. Ki je gonar Sha'aban ki gani, kamar an shimfiɗa darduma."

"To me za ka ce wa Sha'aban?"

Ya ce Sha'aban ba shi da 'yar da yake so. Ya ce shago ana rufewa a buɗe wani, suna ana ɓatawa a gyara, amma ita guda ɗaya ce. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, kuma da a littafi ne da nan yarinya za ta narke.

Aina'u ba ta narke ba. Ta ce in ya faɗi haka, baɗi mutane za su koma shuka a ruwan farko su ce ai dama iri ne, su yi asara, shi ya jawo. Wanda ya saya ya ji daɗi zai fara shakkar idonsa. Kuma Babanta, da ya san sarai ranar da ya yi shuka, zai zauna ya saurari saurayin 'yarsa yana ƙarya saboda mace.

"Kana ganin daga nan zai ba ka ni?"

"To me kike so in yi, Aina? In zauna in ga an ɗauke ki?" Ya ɗago. "Ko shagon kike tausayi ba ni ba?"

Maganar ta soke ta. Ta gyara mayafinta.

"Ni mai gaskiyar nan na ce ina so. In ka kashe shi, ban san wa zan aura ba."

Ta juya. Har ta kai bakin ƙofa ya ce, "Rabin raina..." Ba ta waiwaya ba, don in ta waiwaya ta san za ta ce ya tura kawai. A mota ta lulluɓe fuska ta yi kukanta, matar da ke gefenta da kaji a cinya ta yi ta ba ta haƙuri a kan rasuwar da ba a yi ba.

Zaren ma ba ta saya ba.

Washegari ta karɓi kai abinci gona da kanta.

Gonakin Gidan Dabo a manne suke da juna, ba a bar ko taku ɗaya ba, iyaka sai jerin gamba ko ɗan kuka. Ko'ina kore. Gero ya kai gwiwa, dawa na bin sa. A tsakiyar wannan duka sai ga gefen gonar Babanta na gabas, jan fili tsirara, gyaɗa ɗaya nan ɗaya can kamar haƙoran tsoho. Duk mai wucewa sai ya gani. Sai a lokacin ta gane cewa tun kafin a yi masa dariya a waya, filin nan yake yi masa dariya kullum safiya.

Yana zaune a gindin kuka, fartanya a gefe. Ta ajiye kwanon, ta zuba masa ruwa, ba ta tafi ba.

Ya ci loma kaɗan. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, ta tambayi abin da ya kawo ta.

Ta tambaye shi yadda aka yi gyaɗar Muntaka ta zo gonarsa.

Ya ce aike ya yi. Ya ba wani mai zuwa kasuwa ya sayo masa, ya hana shi faɗin mai saye. In yaron ya sani ba zai karɓi kuɗi ba, shi kuma ba zai ci kyautar mai neman 'yarsa ba. Ya ji ana yabon irin ne, ya ce bari ya sa a gonarsa ta bakin hanya, in ta yi kyau kowa ya gani, a tambaye shi, ya ce daga shagon wane ne. Ya so ta riga ta kowa fitowa. Shi ya sa da ruwan farko ya sauka bai jira ba.

"Na ji ya ce a jira," ya ce. "Na ji sarai. Na ga shekaruna sun fi nasa."



Ya ce da ta ƙi fitowa ya rasa wanda zai tambaya. Ba zai je shagon ba. Ba zai aika a kira shi ba. In sun haɗu, yaron na durƙushe yana kallon ƙasa, shi yana kallon katanga, a haka za a yi maganar gyaɗa? Sai ya tuna a wayar nan babu sunansa. A can shi ba surukin kowa ba ne, manomi ne kamar kowa, zai iya buɗe baki.

"Na yi faɗa, ban musa ba. Raina a ɓace yake. Amma abu biyu na ce, Uwata. Na ce ba ta fito ba. Na kuma ce, yanzu me zan yi da wurin?"

Ya nuna jan filin da haɓa.

"Maganar bijimi ta yi ciwo. Amma na yi noma da mutanen da bakinsu ya fi nasa kaifi, mun rabu lafiya. Abin da ban gane ba, da ya san ni ne sai ya goge, ya kulle ƙofa, ya turo mini masu manyan riguna. Kowa haƙuri, haƙuri. Har yau babu wanda ya ce mini ga abin da zan zuba a nan. Damina kuma ba ta jiran a gama kunya." Ya rufe kwanon. "Mutumin da in ya yi kuskure yake rufe ƙofa ya ɓuya, shi zan ba ke? Ran da ya ɓata miki fa?"

Ta ɗauki kwanon ta kama hanya. Ba ta kai gida ba ta tsaya a kan iyakar wata gona ta kira Muntaka.

Bai bari ta yi sallama ba ya fara ba ta haƙurin jiya. Ta ce ya ajiye wannan, za ta karɓa daga baya da riba. Ta tambaye shi ko ya saurari saƙon Baba har ƙarshe.

Ya ce gaskiya da ya ji an fara faɗa, ya katse a tsakiya ya danna amsa.

"To ka koma ka ji. Tambaya ya yi maka."

"Aina, ta yaya zan yi magana da Baba a gaban mutane?"

"Yadda ka yi ta farko. Wannan karon ka ji shi tukuna."

Bayan la'asar guruf ya buɗe. Aina'u na tsakar gida tana tsince shinkafa, wayarta a kan turmi, Goggo Hure na gefe tana yi kamar ba ta saurare.

"Salamu alaikum jama'a," in ji Muntaka. Babu wasa a muryar. "Na kulle wurin nan saboda kunyar abin da na yi, wannan ma laifi ne, ku yafe ni. Akwai dattijon da ya kawo ƙorafi, na mayar masa da maganar da ko sa'ana bai kamata in faɗa wa ba. Ban da hujja. Ina roƙon ya yafe mini." Ya ja numfashi. "Maganar iri kuwa, ba zan canja ba. Irin lafiyarsa ƙalau, shukar ce ta yi wuri. In na ce ba haka ba na cuce ku, na kuma raina shi karo na biyu. Sannan ya yi mini tambaya ban amsa ba, don ban tsaya na ji ba. Baba... wurin bai ɓaci ba. Gyaɗa ta wuce, amma wake bai wuce ba. Akwai mai saurin nuna. In aka sake huɗa aka zuba shi cikin satin nan, in Allah ya yarda za a ɗebi abin da zai rufe asarar, ga harawa."

Goggo ta tafa hannu ta ce shi ke nan, yaron nan ya ƙarasa kashe kansa. An ce ya wanke mutum, ya sake cewa shi ya yi kuskure.

Guruf ya yi tsit. Mutanen da ba sa iya ganin akuya ta haihu ba su yi sharhi ba, ranar babu wanda ya ce uffan. Naziru kaɗai ya turo hoton dariya, da ya ga ba wanda ya taya shi ya goge.

Malam Nababa ya dawo, ya yi sallah, ya ci tuwo, ya shige ɗakinsa. Aina'u ta kwana tana juyi.

Da hantsi wayarta ta yi ƙara. Lambar nan ce marar suna. Iska na kaɗawa a bayan muryar.

"Mai shago, na ji. Gaisuwar da ka aiko wa bijimi na isar, ya ce yana amsawa." Ya yi gyaran murya. "Waken nan naka, ja ne ko fari? Don ja ba ya ƙaunar ƙasata."

Aina'u ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe baki da hannu biyu.

Guruf ya fashe. Dariya, kabbara, wani tsoho daga wajen Rimin Gado ya turo doguwar addu'a. Muntaka ya amsa cewa fari ne, kuma a ba shi tazara. Malam Nababa ya ce tazarar da ya faɗa ta yi yawa, ƙasa ba ta da arha a Gidan Dabo. Muntaka ya ce, cikin ladabi, in aka matse shi ganye zai yi ba 'ya'ya ba. Malam ya ce yana shuka wake tun kafin a yi wa Muntaka aski. Muntaka ya ce haka ne Baba, amma ba wannan waken ba.

Haka suka kwashe kwanaki. Mutane suka riƙa jiran su kamar shirin rediyo. Wasu da ba su taɓa sayen komai a shagon ba suka nemi a sa su a guruf, daga nan kuma suka fara tambayar nasu gonakin. Naziru ya ga abin da ya haɗa da kiɗa ya daina ba kowa dariya, ya koma cajinsa.

Aina'u ta lura Babanta ya fara tafiya gona da waya a aljihun gaba, kuma in ya dawo yakan ce wa Goggo, "Yaron nan taurin kai gare shi," da irin muryar da ake yabon doki.

Ran da aka gama gardamar tazara, inda kowa ya sauko rabi, saƙon Malam ya shigo gajere.

"A kawo mini mudu huɗu na farin, da kuɗina, kada a ce kyauta. Mai shago ya kawo da kansa." Iska ta kaɗa. "Ya taho da wani babba. Akwai ranar da ba mu sa ba."

Goggo Hure ta shiga ɗaki ta kwance kayan da ta ɗaure, tana cewa ita dama ta san za a yi haka.

An sa rana bayan kaka. Waken ya yi, ba kamar yadda Muntaka ya yi alkawari ba, ba kuma kamar yadda Malam ya yi tsoro ba, kowannensu ya ɗora bambancin a kan tazarar ɗayan. Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Nababa, aka kai Aina'u Tsanyawa a motar da ta fi kowace hayaƙi.

Da ta yi wata guda, Muntaka ya kawo ta gida wuni. Da yamma ya dawo ɗaukarta. Suna tsaye a soro, ta gyara masa wuyan riga, ya ce mata ta yi ƙiba, ta ce tuwon gidansu ne na yini ɗaya ya fi na wata guda a nasa. Ya kama yatsanta ya ce to ya ji, amma a dawo masa da matarsa, gidan ya yi masa faɗi tun safe.

Sai ga Malam Nababa ya shigo daga masallaci.

Muntaka ya saki yatsan kamar ya taɓa wuta, ya zube ƙasa, ido a kan takalmansa. Malam ya kau da kai ya dubi katanga.

"Lafiya... madalla," ya ce a maƙoshi, ya wuce ciki da sauri.

Aina'u ta dubi mijinta a durƙushe, mutumin da ya yi sati yana musu da Babanta a gaban rabin ƙaramar hukuma, ta danne dariyarta.

Bai gama miƙewa ba suka jiyo muryar Malam ta bayan katanga, a sake, da ƙarfi, kamar mai kiran wani a gona. Jim kaɗan wayar Muntaka ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ya danna, muryar ta sake fitowa.

"Mai shago, waken da na adana ƙwari sun fara shiga. Me ake sa masa? Kuma ka ja babur ɗin nan a hankali, hanyar ba kyau. Uwata ce a baya."

Muntaka ya dubi katangar, taku kaɗan tsakaninsa da mai maganar. Ya dubi Aina'u. Ta ɗaga masa gira.

Ya juya wa katangar baya, ya kai wayar bakinsa.

"To Baba," ya ce. "Bari in fara da waken."